p ɗina ta fito 0.06, me zan rubuta a babi na huɗu?

Zainab: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah ina neman shawara, kwana biyu ke nan ban yi barcin kirki ba. Ina rubuta kundin digiri na biyu a ilimin halayyar ɗan'adam, a kan fargabar jarrabawa. Na raba ɗalibai 40 gida biyu ta hanyar ƙuri'a, 20 na koya musu atisayen numfashi na mako huɗu, 20 ban koya musu komai ba. Bayan nan kowa ya cike takardar auna fargaba. Waɗanda suka yi atisayen, matsakaicin makinsu ya yi ƙasa da na ɗaya rukunin da maki 4.9. Na yi murna ƙwarai. Da na yi gwajin t, lissafin da ake kwatanta matsakaicin rukuni biyu da shi, sai lambar p ta fito 0.06, wato ban haye 0.05 ba, layin da sai p ta sauka ƙasa da shi ake cewa an samu bambanci. Shi ke nan aikin wata shida ya tashi a banza? Me zan rubuta a babi na huɗu, babin sakamako?

Kabiru: Wa'alaikumus salam. 'Yar'uwa kwantar da hankalinki, 0.06 ai kina bakin ƙofa. Duba bayananki, za ki ga mutum ɗaya ko biyu da makinsu ya fita daban da na kowa, ki cire su. In bai yi ba ki ƙara mutum goma-goma ki sake gwadawa. Ko kuma ki mayar da gwajin mai gefe ɗaya, wato mai duba raguwa kawai, tunda dama kin san atisayen rage fargaba zai yi. Nan take 0.06 za ta koma 0.03.

Zainab: Akwai kuwa mutum biyu a rukunin masu atisayen da makinsu ya yi sama sosai. Na gwada cire su jiya da dare, p ta sauko 0.02. Amma zuciyata ba ta kwanta ba, shi ya sa na kawo maganar nan.

Dakta Hauwa: Zainab, zuciyarki ta gaya miki gaskiya, ki saurare ta. Kabiru, na san taimako kake nufi, kuma na san ba kai ka ƙirƙiro wannan shawarar ba, haka ake miƙa ta daga aji zuwa aji. Amma duka ukun nan da ka lissafa hanya ce ta samun amsar da ake so, ba ta gano amsar da ke akwai ba.

A 2011 wasu masana uku a Amurka, Simmons da Nelson da Simonsohn, sun auna ɓarnar irin wannan. Sun sa kwamfuta ta ƙirƙiri bayanai waɗanda babu wani bambanci na gaskiya a cikinsu, sannan suka yi abin da masu bincike suka saba yi. Ƙara mutum goma a kowane rukuni bayan an leƙa sakamako kaɗai ya ɗaga yiwuwar samun sakamakon ƙarya daga kashi 5 zuwa kashi 7.7 cikin 100. Da suka haɗa dabaru huɗu, ciki har da auna abu biyu a zaɓi wanda ya fito da kuma jefar da rukunin da bai yi daɗi ba, sai ta kai kashi 60.7. Ka ga ke nan wanda ya yi haka ya fi kusa da samun "sakamako" a kan rashin samu, alhali babu komai a wurin.

Tambayata gare ki Zainab: a takardar tsarin binciken da aka amince miki, me kika rubuta? Gefe ɗaya ko biyu? Kin faɗi ƙa'idar cire mutum?

Zainab: Na duba yanzu Dakta. Gefe biyu na rubuta, da 0.05. Ban ce komai ba a kan cire mutum. Amma don Allah a fahimtar da ni: 0.06 ba tana nufin akwai tabbacin kashi 94 cikin 100 cewa atisayen yana aiki ba? In haka ne ai ba laifi.

Malam Isa: A'a ƙanwata, ba haka take nufi ba, kuma nan ne gindin matsalar duka. Ni ƙididdiga na karanta, ita nake koyarwa, bari in bi da ke sannu a hankali.

Kafin a lissafa p, sai an fara ɗauka cewa atisayen ba ya yin komai, rukunonin biyu ɗaya suke. Wannan shi ne hasashen babu-bambanci. Sannan a tambaya: in da gaske ba ya yin komai, kuma muka yi ta maimaita binciken da sababbin ɗalibai 40, sau nawa ƙuri'a kaɗai za ta ba mu tazara mai girman wadda kika samu ko wadda ta fi ta? Amsarki ita ce kusan sau 6 a cikin 100. Iyakarta ke nan. Lissafin ya riga ya ɗauka babu bambanci tun daga farko, don haka ba zai juyo ya gaya miki yiwuwar cewa babu bambancin ba.

Ɗauki tsabar kuɗi ki cilla sama sau 10. In ta faɗi a fuska ɗaya sau 9, p kusan 0.02 ce. In sau 8 ne, kusan 0.11. Wannan yana gaya miki yadda lafiyayyiyar tsaba ba ta cika yin haka ba. Bai gaya miki ko wannan tsabar ta hannunki an yi mata wani aiki ba, domin wannan ya danganta da inda kika samo ta.

Juya magana yana canza ta. Mafi yawan matuƙan jirgin sama maza ne, amma mafi yawan maza ba matuƙan jirgi ba ne. Haka "yiwuwar ganin wannan sakamako in babu tasiri" daban take da "yiwuwar babu tasiri tunda na ga wannan sakamako".

Kada ki ji kunya. A 2002 Haller da Krauss sun ba mutane a sassan ilimin halayyar ɗan'adam na jami'o'in Jamus jimloli shida a kan ma'anar p, dukansu kuskure ne. Ɗalibai duka sun amince da aƙalla ɗaya. Cikin masu koyar da dabarun binciken su kansu, kashi 80 cikin 100 sun faɗa.

Zainab: Na gode Malam. Na karanta sau uku kafin ta zauna. To in p ba ta gaya mini ko hasashena gaskiya ne ba, me zai gaya mini?

Malam Isa: Bincike ɗaya ba zai gaya miki ba. Ga lissafi. A ce masu bincike sun gwada hasashe 1,000, kuma 100 ne kawai na gaskiya. A ce gwaje-gwajensu suna iya kama tasiri na gaskiya rabin lokaci. Za su kama 50. Cikin 900 ɗin da babu komai, kashi 5 cikin 100 za su haye layin da katari, wato 45. Jimla an samu sakamako 95 da suka haye 0.05, kuma 45 daga cikinsu ƙarya ne. Kusan rabi. Babu wanda ya yi maguɗi a wannan misalin, kowa ya bi ƙa'ida. Lambobin 100 da rabi ni na zaɓe su don misali, ki canza su ki ga yadda amsar take motsi.

Nafi'u: Wannan bayanin na Malam Isa shi ne hujjata cewa a yi watsi da p gaba ɗaya. Abin da malamai ma ba su fahimta ba, me ya sa muke ɗora wa ɗalibai? A 2015 aka buga sakamakon wani gagarumin aiki a mujallar Science, ƙarƙashin jagorancin Brian Nosek, inda aka sake gudanar da bincike 100 da manyan mujallu uku na fanninmu suka buga. A na asali, 97 sun haye 0.05. Da aka maimaita, kashi 36 cikin 100 ne suka haye, kuma girman tasirin ya ragu zuwa kusan rabi. Kafin nan a 2011 Daryl Bem ya buga gwaje-gwaje tara a ɗaya daga cikin manyan mujallunmu yana cewa mutane suna iya jin abin da bai riga ya faru ba, takwas daga ciki sun haye layi. Awon da zai ba da shaidar cewa gobe tana shafar yau, ni ban ga dalilin riƙe shi ba. Mujallar Basic and Applied Social Psychology ta haramta shi a 2015. A 2019 masana sama da 800 suka sa hannu a wata maƙala a Nature suna kira a daina raba sakamako zuwa wanda ya haye da wanda bai haye ba. Mu me muke jira?

Malam Isa: Nafi'u, duk abin da ka kawo ya faru, amma ba ka kai ƙarshen labarin ba. Masu sa hannun 2019 sun faɗa a fili cewa ba haramta p suke nema ba, layin da ake yankawa ne suke ƙi. Ita kuma mujallar da ta haramta, wasu masana ƙididdiga sun bi maƙalun da ta buga a 2016, suka tarar marubuta da dama suna faɗin abin da ya fi ƙarfin bayanansu. An cire awo, ba a cire son samun sakamako ba.

Tambayar da p take amsawa tambaya ce ta hankali: shin katari kaɗai zai iya haifar da wannan? In ka hana mutum yin ta, zai dubi maki 4.9 ya ce ya gano magani. Ronald Fisher, wanda ya yaɗa wannan hanya da littafinsa na 1925 lokacin yana aiki a cibiyar binciken noma ta Rothamsted a Ingila, bai ɗauki hayewa sau ɗaya a matsayin hujja ba. Matsayinsa shi ne abu ya tabbata ne in an san yadda za a tsara gwajin da ba ya cika kasa ba da irin wannan sakamako. Wato maimaitawa. Mu ne muka riƙe 0.05 muka yar da maimaitawar.

Nafi'u: To Malam, ai Fisher da Neyman ma ba su yarda da juna ba. Abin da ake koya mana gauraye ne na mutanen da suka yi ta jayayya har Fisher ya rasu.

Malam Isa: Nan kam ka yi gaskiya. Fisher ya ɗauki p a matsayin ma'aunin ƙarfin shaida, ka karanta ta ka yi hukunci da hankalinka. Jerzy Neyman da Egon Pearson, a aikinsu na 1933, yanke shawara suka sa a gaba: ka kafa iyaka tun kafin ka tattara bayanai, ka san sau nawa za ka ce akwai alhali babu, wato kuskure nau'i na ɗaya, da sau nawa za ka ce babu alhali akwai, nau'i na biyu. Littattafan koyarwa suka ɗauko layin Neyman da Pearson suka haɗa da fassarar Fisher. Amma maganin gauraye shi ne a warware wa ɗalibi, ba a ƙwace masa duka ba.

Dakta Hauwa: Ku yi haƙuri in dawo da mu kan Zainab, kada mu bar ta a tsaye. Zainab, turo mana ma'aunin warwatsuwar makin, da tazarar amincewa ta kashi 95, wato iyakoki biyun da ke nuna daga ina zuwa ina bambancin gaskiya zai iya kasancewa bisa bayananki. Suna nan a teburin da manhajar ta fitar miki, kusa da p.

Zainab: Warwatsuwar kusan 8 ce a rukunonin biyu. Tazarar kuma daga -0.2 zuwa 10.0. Gaskiya ban ma kalle ta ba sai yanzu.

Dakta Hauwa: To ga babinki na huɗu nan a hannunki. Raba 4.9 da 8, kin samu kusan 0.6. Wannan shi ne girman tasiri, d na Cohen. A ma'aunin da Jacob Cohen ya bayar, 0.2 ƙarami ne, 0.5 matsakaici, 0.8 babba, kodayake shi da kansa ya ce a yi amfani da su ne in babu abin da ya fi su. Tazarar kuma tana cewa bayananki sun dace da atisayen da ba ya yin komai, sun kuma dace da atisayen da ke rage maki 10. Ba ki nuna yana aiki ba. Ba ki kuma nuna ba ya aiki ba, ki kula da wannan sosai, domin ɗalibai da yawa suna rubuta "babu bambanci" da zarar p ta wuce 0.05, kuma kuskure ne daidai da na farkon. Abin da kika nuna shi ne mutum 40 sun yi kaɗan su raba gardamar.

Ga dalili. In tasirin gaskiya matsakaici ne, 0.5, mai mutum 20 a kowane rukuni yana da damar kama shi kusan sau ɗaya cikin uku ne kawai. Don damar ta kai kashi 80 cikin 100 ana buƙatar mutum 64 a kowane rukuni. In ƙarami ne, 0.2, kusan 394. Wato tun ranar da aka amince miki da 40, rashin hayewa ya fi hayewa kusa, ko da atisayen yana aiki. Wannan laifin ba naki ba ne ke kaɗai, mu masu duba tsarin bincike muna da kaso babba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Cohen ya yi wannan kukan tun 1962, da ya bi maƙalun wata babbar mujalla ya tarar damarsu ta kama matsakaicin tasiri ba ta kai rabi ba.

Malam Isa: Ƙari ɗaya Dakta, don kada Nafi'u ya ce tazarar amincewa ta maye gurbin p. Lissafinsu ɗaya ne. Sifili yana cikin tazararta ne saboda p ta wuce 0.05. Wanda ya dubi tazarar don kawai ya ga ko sifili na ciki, bai bar inda yake ba.

Dakta Hauwa: Haka ne Malam. Amfaninta shi ne tana tilasta wa mutum ya dubi gefe biyun, ya ga faɗin jahilcinsa da maki, ba da eh ko a'a ba.

Maman Yusra: Sallama gare ku. Ni ba malamar jami'a ba ce, aikina ba ɗalibai shawara, kuma masu fargabar jarrabawa su ne rabin waɗanda suke zama a gabana. Ina karanta ku tun ɗazu, abu biyu suna damuna.

Na farko, mutum biyun nan da ake maganar cirewa. Zainab, kin koma kan takardunsu? In kuskuren shigar da lamba ne, ki gyara, wannan ba maguɗi ba ne. Amma in da gaske haka suka amsa, to yara biyu ne da suka yi mako huɗu suna atisaye kuma fargabarsu tana nan a sama. Su ne irin waɗanda suke zuwa ofishina suna kuka. In kika share su, ni da zan karanta aikinki zan ɗauka abin yana yi wa kowa, in ba yarinyar da ta fi kowa buƙata abin da ba zai ishe ta ba.

Na biyu, maki 5 ɗin nan a cikin nawa? Kuma rukuni na biyu ba a yi musu komai ba, na farko kuwa sun yi mako huɗu suna ganinki, kina tambayarsu lafiyarsu. Yaron da aka kula da shi yakan ji sauƙi ko da numfashin bai yi komai ba. Ko da p ta fito 0.001, ba za ta raba mana numfashi da kulawa ba.

Zainab: Mama na koma na duba takardun biyu, ba kuskure ba ne, haka suka cike. Ɗaya ma ta rubuta a gefe cewa atisayen yana sa ta ƙara jin bugun zuciyarta. Ma'aunin daga 20 zuwa 80 ne. Maganar kulawa kuwa wallahi ban taɓa tunaninta ba, kuma ni da kaina na koyar da su, ni na raba takardun.

Dakta Hauwa: Abin da yarinyar nan ta rubuta a gefe ya cancanci sakin layi guda a babi na biyar. Maman Yusra, Allah ya saka da alheri, kin taɓo abin da mu masu lissafi muke tsallakewa. p ba ta san yadda aka tsara bincike ba. Ba ta kuma san muhimmanci ba. A 2014 an buga wani gwaji da aka yi a kan masu amfani da Facebook su 689,003, aka rage wa wasu saƙonni masu daɗi, wasu marasa daɗi, don a ga ko zai shafi abin da suke rubutawa. Sakamakon ya haye layi da nisa, amma girman tasirin ya yi ƙanƙanta har wani ya sauka zuwa 0.001. Da mutane masu yawa haka, ko ƙura sai ta haye. Da mutum 40 kuwa, ko dutse yana iya kasawa.

Kabiru: Na karanta komai, kuma na karɓi gyara. Amma ku bar ni in faɗi abin da ke ƙasa. Ranar kare kundi, in ɗalibi ya ce hasashensa bai tabbata ba, wani mai jarrabawar kallon wanda bai yi aiki ba yake masa. Na gani da idona an ce wa wani ya koma ya "gyara" babi na huɗu. Ku kuna da digirinku a hannu, mu ne za mu tsaya a gaban teburin.

Kuma tunda gaskiya ake faɗa, a aikina na digirin farko abu 12 na gwada, ɗaya ya haye, shi na rubuta, na koma babi na ɗaya na gyara hasashen ya dace da shi. Ban san laifi ba ne. Na ɗauka haka ake yi. Yau da na karanta bayanin Dakta abin ya tsaya mini a rai.

Malam Isa: Kabiru, faɗin wannan a bainar jama'a ba ƙaramin abu ba ne, Allah ya ƙara maka daraja. Lissafinsa: in babu komai a duka 12 ɗin, kuma ba su da alaƙa da juna, yiwuwar aƙalla ɗaya ya haye kusan kashi 46 cikin 100 ce. In 20 ne, kashi 64. Shi ya sa ake da gyaran Bonferroni, ka raba 0.05 da yawan gwaje-gwajen. Komawa a gyara hasashe kuma kamar malami ne ya karanta amsar ɗalibi sannan ya rubuta tambayar. Norbert Kerr ya yi rubutu a kansa a 1998. Laluben bayanai ba haramun ba ne, ta nan ake samun sababbin tunani. Sharaɗin shi ne ka ce lalube ka yi, ka faɗi duka 12 ɗin, ka bar wani binciken ya gwada wanda ya fito.

Dakta Hauwa: Kukan Kabiru gaskiya ne, ba zan rufe shi ba. Kuma ba a teburin kare kundi ya tsaya ba. Tun 1959 Theodore Sterling ya duba mujallu huɗu na fanninmu ya tarar kusan kashi 97 cikin 100 na maƙalun da suka yi irin wannan gwaji sakamakon da ya haye suka ruwaito. Ba zai yiwu masu bincike su riƙa cin hasashensu haka ba. Waɗanda ba su haye ba suna cikin durowa ba a buga su ba, abin da Robert Rosenthal ya yi wa suna a 1979. Illar tana fitowa daga baya. Shekaru ana koyar da cewa ƙarfin kame kai yana ƙarewa kamar man fitila in an yi amfani da shi, da ɗaruruwan gwaje-gwaje a bayansa. Da ɗakunan bincike 23 suka haɗu suka gwada da tsari ɗaya da mutum sama da 2,000, sakamakon da aka buga a 2016 ya zo dab da sifili. Har yanzu ana muhawara a kan ko gwajin ya dace, amma ba wanda zai ce maganar tana nan yadda take a da.

Gyaran da na fi yarda da shi shi ne wanda mujallar Cortex ta fara a 2013: ka tura tambayarka da tsarinka, a duba, a amince za a buga kafin ka tattara bayanai, komai ya fito. Kundin ɗalibi ai dama haka yake, an amince da tsari kafin a fita fili. Mai jarrabawar da ya ce a koma a gyara sakamako ya saɓa wa abin da sashensa ya sa wa hannu.

Zainab, ki shiga da takardar tsarinki a hannu. In an tambaye ki, ki ce ga abin da na yi alkawari, ga abin da na yi, ga abin da ya fito. Ki kai wa mai duba aikinki wannan tun yanzu, kada ya fara ji a ranar.

Nafi'u: Na yarda da rijistar tsari ɗari bisa ɗari. Amma ina nan a kan bakana game da layin. Da Zainab ta samu 0.04 da babu wanda zai tambaye ta tazara ko kulawa ko yaran nan biyu, da tuni ana taya ta murna. Tsakanin 0.04 da 0.06 amsar ɗalibi ɗaya ce. Wasu masana 72 sun nemi a mayar da layin 0.005, wasu suka mayar musu da martani cewa kowa ya kafa nasa ya kawo hujja. Ni a ganina duk inda aka sa shi, can mutane za su taru suna turawa.

Malam Isa: A kan 0.04 da 0.06 ba mu da saɓani ko kaɗan. Ƙungiyar masana ƙididdiga ta Amurka ta faɗi haka a sanarwarta ta 2016, cewa kada a rataya hukuncin kimiyya a kan ko p ta haye wani layi kawai. Inda muka rabu shi ne akwai ranar da dole a yanke shawara, a saka shirin nan a makarantu ko kada a saka, kuma gara a faɗi ƙa'idar yankewar tun kafin a ga sakamako. Za mu ci gaba da wannan, amma ka buɗe masa zare na daban.

Zainab: Ga abin da na rubuta, don Allah a duba mini: "Matsakaicin makin fargaba na rukunin atisaye ya yi ƙasa da na ɗaya rukunin da maki 4.9, tazarar amincewa ta kashi 95 daga -0.2 zuwa 10.0, d = 0.61, t(38) = 1.94, p = 0.06. Sakamakon ya kusa kaiwa matakin da aka kafa. Ba a cire kowa daga lissafin ba."

Dakta Hauwa: Cire jimlar "ya kusa kaiwa". p ba tafiya take yi ba, in kin ƙara mutane tana iya sauka, tana iya hawa. Ki ce bai kai matakin 0.05 da aka kafa ba, kuma bayanan sun dace da rashin tasiri, sun kuma dace da raguwa har ta maki 10. Sauran ya yi. Tunda kin riga kin gwada cire mutum biyun, ki faɗa a layi ɗaya cewa an gwada, p ta koma 0.02, amma ba a kafa ƙa'idar cirewa tun farko ba kuma amsoshinsu sahihai ne, don haka lissafin mutum 40 shi ne abin dogaro. A shawarwari ki sa mutum 64 a kowane rukuni, da rukuni na biyu da za a ba wani zama na mako huɗu wanda ba numfashi ba, kuma wani daban ya raba takardun.

Zainab: Na gyara Dakta. Gobe da safe in sha Allahu zan kai wa mai duba aikina. Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci.

Kabiru: Dakta, ni ban fita fili ba tukuna, wata mai zuwa zan fara. Rukuni uku gare ni, na rubuta 15 a kowanne. Yaya zan lissafa adadin da ya kamata?

Dakta Hauwa: Sauke G*Power, manhajar lissafin yawan mutanen da bincike ke buƙata, kyauta ce. Kafin ka buɗe ta, ka zauna ka rubuta mafi ƙanƙantar bambancin da zai sa a ce shirin naka ya cancanci wahalarsa, da maki, a kan ma'aunin da za ka yi amfani da shi. Turo mini wannan lambar da babi na uku a daren nan, mu duba tare. In adadin ya fi ƙarfinka, za mu yi maganar rage rukunonin zuwa biyu.